Sharhi kan Moodle ga mai son shiga sana'ar tsara darussan intanet

Tun daga watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a Najeriya har wasu jihohin Arewa suka koma koyarwa ta rediyo da talabijin, malamai matasa da yawa suka gane cewa tsara darasin da ɗalibi zai bi shi kaɗai a waya ko a kwamfuta sana'a ce mai zaman kanta, kuma ana biyan masu yin ta. Abin da ya rage wa mafi yawansu shi ne sanin inda za su fara, domin manhajojin da manyan kamfanoni suke amfani da su suna da tsada ƙwarai, kwasa-kwasan koyon sana'ar kuma galibi da dala ake biyansu. Wannan sharhi ya taƙaita ne ga manhaja ɗaya, wato Moodle, wadda ake gina kwasa-kwasai da jarrabawa a kanta, tare da H5P, kayan haɗa atisayen da ɗalibi yake latsawa ya amsa, da ke tafiya a cikinta, kuma na dube ta da idon wanda yake son ya koyi aikin har ya ci abinci da shi. A ra'ayina babu wurin koyo na kyauta da ya kai ta, amma tana da gazawar da ya kamata mai shigowa ya sani tun kafin ya zuba lokacinsa a kanta.

Ya kamata a fara fayyace aikin kansa, domin mutane suna ɗauka cewa ɗaukar bidiyo da ɗora shi a intanet shi ne duka. A cibiyar da ta san abin da take yi akwai masanin fanni, wanda ilimin yake kansa, kamar likita ko akanta ko malamin lissafi. Akwai mai tsara koyarwa, wanda yake zama da masanin ya tace ilimin, ya yanke abin da ɗalibi zai iya aikatawa a ƙarshen kowane mako da yadda za a auna shi. Bayansu sai mai gina darasin a cikin manhaja, sai mai kula da dandalin, wanda yake yi wa ɗalibai rajista yana fitar da rahoto. A Turai da Amurka waɗannan kujeru ne daban-daban, kowace da albashinta, amma a wurarenmu mutum ɗaya ake ɗora wa uku daga ciki, wani lokaci har da gyaran bidiyo. Wannan ne ya sa manhajar da za ta tilasta wa mai koyo ya taɓa kowane ɓangare ta fi amfani gare mu a kan wadda ta ƙware a abu guda.

Wani ɗan Ostareliya mai suna Martin Dougiamas ne ya ƙirƙiro Moodle, kuma ya fitar da sigarta ta farko a watan Agusta na 2002. Ya tashi ne a hamadar yammacin ƙasar, nesa da makaranta, saboda haka karatunsa na farko ta rediyo ya yi shi, malami yana magana daga wani gari mai nisan ɗaruruwan kilomita. Na kawo wannan tarihi ne domin ana ganin tasirinsa a cikin manhajar: an gina ta ne da tunanin ɗalibin da babu malami a gabansa, wanda yake buƙatar darasin kansa ya gaya masa inda ya yi daidai da inda ya kauce. Lasisinta na kowa da kowa ne, kowa yana iya sauke ta, ya girka, ya sauya abin da yake so ba tare da ya biya kamfanin Moodle da ke birnin Perth ko sisin kwabo ba. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya ta rungume ta tun a 2005, kuma ma'aikatanta sun yi aiki mai yawa a sashen jarrabawar manhajar, wanda shi ne zan fi tsayawa a kansa nan gaba.

Wanda yake son ya gan ta da idonsa a yau ba ya buƙatar kashe komai sai data. Kamfanin yana da shafin gwaji da ake shiga a matsayin malami ko ɗalibi ko shugaban dandali, sai dai ana share duk abin da aka yi a cikinsa bayan kowace awa, don haka na leƙawa ne kawai. Hanyar da na fi ba mai koyo shawara ita ce ya sauke kunshin da aka tanada domin Windows ko Mac ya girka shi a kwamfutarsa, domin daga nan zai iya gina kwas cikakke ba tare da intanet ba, da rana ko da dare, gwargwadon yadda cajin kwamfutar ya ba shi dama. Ga wanda yake zaune inda sabis yake zuwa yana ɗaukewa, wannan babbar falala ce, kuma manhajojin da suke aiki a burauza kaɗai ba su da ita.

Kyautar tana ƙarewa ne ranar da aka so ɗalibai na gaske su shigo. A nan dole a kama hayar wuri a intanet, ko a biya kamfanin kuɗin shekara na MoodleCloud, wato wurin hayar da shi kansa ya tanada, wanda farashinsa yake hawa gwargwadon yawan masu amfani. Manhajar tana buƙatar uwar garke, wato kwamfutar da za ta riƙe dandalin a intanet, mai aiki da harshen manhaja na PHP da rumbun bayanai irin su MariaDB ko PostgreSQL, sannan akwai wani ƙaramin aiki da ake saita shi ya riƙa gudana a bayan fage kusan kowane minti, wanda idan ya tsaya saƙonni ba za su fita ba, wasu alamomin kammala darasi kuma ba za su sabunta ba. Na ga yadda wata ƙaramar cibiya ta kama haya mafi arha a wurin wani kamfani, komai yana tafiya lafiya har ranar jarrabawa, da ɗalibai suka shigo a lokaci guda sai shafin ya ƙi buɗewa. Laifin na ƙarancin ƙarfin wurin da aka kama ne, amma mai tsara darasin aka kira, kuma shi za a riƙa kira kullum. Ana fitar da sabuwar siga sau biyu a shekara, akwai kuma sigogin da ake daɗewa ana kula da su, kamar 4.5, waɗanda su ya kamata cibiya mai ƙarancin ma'aikata ta riƙe.

Haɗuwar farko da Moodle ba ta da daɗi. Duk abin da mutum ya so ya ƙara, ko da aikin gida ne guda ɗaya, sai shafi mai tsawo ya buɗe masa da zaɓuɓɓuka bila adadin: ranar buɗewa, ranar rufewa, ranar da ba za a ƙara karɓa ba, nau'in fayil, girmansa, yawan ƙoƙarin da aka yarda, yadda za a ba da maki, rukunin da zai gani. Siga ta 4.0 da ta fito a watan Afrilu na 2022 ta gyara fuskar manhajar sosai, ta kawo jerin abubuwan kwas a gefe da alamun da ke nuna wa ɗalibi abin da ya gama, amma har yanzu wanda ya saba da sauƙin Google Classroom zai ji an jefa shi cikin daji. Da yawa a nan suke ajiye ta. Ni kuwa ina ganin waɗannan zaɓuɓɓuka su ne darasin farko na sana'ar, domin kowane ɗaya tambaya ce da ya wajaba mai tsara koyarwa ya amsa ko da wace manhaja yake aiki. Shin ɗalibin da ya makara za a karɓi aikinsa? Shin zai ga amsar daidai nan take, ko sai kowa ya gama? Malamin aji yana yanke irin wannan hukunci a tsaye ba tare da ya lura ba, amma a intanet dole a yanke shi tun kafin ɗalibi na farko ya shigo.

Inda Moodle ta yi wa takwarorinta na kyauta fintinkau shi ne sashen jarrabawa da rumbun tambayoyi. Ana iya rubuta tambayar zaɓi ɗaya cikin da yawa, da ta gaskiya ko ƙarya, da ta haɗa abu da abokinsa, da ta cike gurbi a tsakiyar sakin layi, da ta jan kalma ko hoto zuwa mazauninsa, da ta rubutu mai tsawo wadda malami zai duba da kansa. Akwai kuma nau'in da malaman lissafi da kimiyya za su so, inda ake rubuta tambaya sau ɗaya a bar manhajar ta riƙa sauya alƙaluman ga kowane ɗalibi, ta yadda amsar da wani ya tura wa abokinsa ta WhatsApp ba za ta yi masa amfani ba. Tambayoyin ba a cikin jarrabawar suke zaune ba, a rumbu suke, an kasa su gida-gida bisa ga darasi ko wahala, sai a umarci jarrabawar ta ɗebo, misali, biyar daga wannan gida da uku daga wancan, kowane ɗalibi da irin nasa. Wanda yake da tambayoyi da yawa a rubuce ba sai ya shigar da su ɗaya bayan ɗaya ba, domin akwai tsarin rubutu mai sauƙi da ake kira Aiken da wani mai faɗi da ake kira GIFT, waɗanda ake shirya tambayoyin a fayil ɗaya a ɗora su gaba ɗaya.

Abin da ya fi wannan muhimmanci a wurina shi ne gurbin bayani da ke ƙarƙashin kowace amsa. Idan tambaya tana da zaɓi huɗu, mai tsarawa yana iya rubuta jawabi daban ga wanda ya zaɓi kowane ɗaya, har da waɗanda ba daidai ba. A ce ana koyar da ma'aikatan lafiya na karkara yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, wani ya zaɓi amsar da ta nuna rabin litar ruwa maimakon lita ɗaya ga fakiti guda. Ba a ce masa ya faɗi kawai ba, ana gaya masa cewa ruwan zai yi kauri fiye da ƙima, kuma hakan yana iya cutar da yaron. Cike waɗannan gurabu aiki ne mai cin lokaci, kuma ba ya yiwuwa sai mai tsarawa ya koma wurin masanin fannin ya tambaye shi irin kuskuren da mutane suka saba yi da dalilin da ya sa suke yin sa. Duk wanda ya yi wannan ga tambayoyi hamsin ya koyi wani abu game da koyarwa da ba zai samu a karatun littafi ba, kuma da ganin aikinsa mai ɗaukar ma'aikata zai bambanta shi da wanda ya kwafo tambayoyi ya liƙa.

Bayan ɗalibai sun yi jarrabawar, manhajar tana fitar da rahoton da yake auna tambayoyin su kansu. Tana nuna kashi nawa cikin ɗari suka ci kowace tambaya, tana kuma nuna ko tambayar ta iya rarrabe waɗanda suka fahimci darasin da waɗanda ba su fahimta ba. Idan aka ga tambayar da ɗalibai masu ƙoƙari suke faɗuwa alhali raunana suna cinye ta, to akwai matsala a yadda aka rubuta ta, ko kuma amsar da aka saita ce ba daidai ba. Malamai da yawa sun karanta wannan lissafi a kwas ɗin auna fahimta a kwalejin ilimi, suka rubuta shi a jarrabawa suka manta, saboda yin sa da hannu ga aji mai ɗalibai ɗari wahala ce. A nan yana fitowa da kansa, kuma iya karanta shi da yi wa shugaban cibiya bayaninsa yana cikin abubuwan da suke ɗaga darajar ma'aikaci.

Mai rubuta darasi da Hausa yana da wani abin lura na musamman. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, suna fitowa daidai a shafukan manhajar, amma a tambayar da ɗalibi yake rubuta amsa da kansa, Moodle tana kwatanta harafi da harafi ne. Idan amsar da aka saita ita ce ƙasa, ɗalibi kuma ya rubuta kasa saboda allon rubutun wayarsa ba shi da harafin, za a ba shi sifili. Haka yake ga 'ya'ya, wadda ake iya rubuta ta da alamomi iri-iri masu kama da juna a ido amma daban a wurin kwamfuta. Maganin shi ne a saka duk sigogin da za a amince da su a matsayin amsa, ko a yi amfani da alamar tauraro a gurbin harafin da ake shakka, sai dai idan darasin na ƙa'idojin rubutu ne, inda bambancin shi ake aunawa. Haka nan fayil ɗin tambayoyin da za a ɗora dole a adana shi a tsarin UTF-8, wato tsarin adana rubutu da ya san haruffanmu, in ba haka ba haruffan za su rikiɗe su koma wasu alamomi marasa ma'ana.

Wani ɓangaren da yake horar da tunani shi ne na sharuɗɗa. Ana iya cewa darasi na biyu ba zai buɗe ba sai ɗalibi ya ci kashi 70 a gwajin na farko, ko kuma wanda ya samu ƙasa da haka a buɗe masa wani ƙarin bayani da sauran ba za su gani ba. Akwai kuma aikin da ɗalibai suke duba rubutun junansu bisa ma'aunin da malami ya shimfiɗa, manhajar ta ba kowa maki biyu, ɗaya na aikinsa, ɗaya na adalcin da ya yi wajen duba na wasu. Saita shi yana da wuya, kuma ba na ba sabon shiga shawarar ya fara da shi. Amma waɗannan kayan aiki su ne suke mayar da abin da ake karantawa game da matakan tsara koyarwa na ADDIE, da aka shirya wa sojojin Amurka a Jami'ar Jihar Florida a 1975, ko matakan fahimta na Benjamin Bloom na 1956, su zama abin da hannu yake taɓawa. Wanda ya rubuta cewa ɗalibi zai iya warware matsala, sannan ya ga duk tambayoyinsa na haddace ma'ana ne, zai ga giɓin da kansa a kan allo.

H5P ita ce take ba darasin armashi. Wani kamfani ne a garin Tromsø na ƙasar Norway ya ƙirƙiro ta, kuma tun daga siga ta 3.9 a 2020 ta zama cikakken ɓangare na Moodle, ba sai an jona ta daban ba. Da ita ake yin bidiyon da yake tsayawa ya yi tambaya kafin ya ci gaba, da katunan da ake juyawa domin koyon kalmomi, da hoton da ake latsa sassansa bayani ya fito, da labari mai rassa inda zaɓin ɗalibi yake kai shi ga sakamako daban, wanda ya dace da horar da ma'aikacin banki kan yadda zai yi da abokin hulɗa da ya fusata. Ba a buƙatar sanin rubutun manhaja ko kaɗan. Gazawarta ita ce kamanninta kusan iri ɗaya ne a ko'ina, sauya launi da fasali yana da iyaka, rahoton makinta kuma bai kai zurfin na sashen jarrabawa ba. Saboda haka na fi son a yi amfani da ita wajen atisaye, a bar jarrabawar da za a dogara da makinta ga rumbun tambayoyi.

A wajen bidiyo kuwa Moodle ba ta da ƙarfi. Ba a gina ta domin ta zama gidan bidiyo ba, ba ta rage nauyin fayil gwargwadon ƙarfin sabis ɗin mai kallo kamar yadda YouTube take yi, kuma manyan fayiloli suna cinye wurin da aka kama haya nan da nan. Mafi yawan mutane suna ɗora bidiyon a YouTube ne su jawo shi cikin darasin, amma yin haka yana kashe ɗaya daga cikin manyan fa'idodin manhajar wayar Moodle, wato damar da ɗalibi yake da ita ya sauke darasi lokacin da yake da sabis, ya karanta, har ya amsa wasu gwaje-gwajen ba tare da intanet ba, sannan amsoshin su tafi idan sabis ya dawo. Bidiyon YouTube ba ya saukowa tare da darasin. Dole mai tsarawa ya zaɓa, kuma ga ɗaliban da suke sayen data kaɗan-kaɗan ina ganin gajeren bidiyo mai sauƙin nauyi, ko murya da hoto, ya fi dogon jawabi mai kyan gani. Binciken da Philip Guo da abokan aikinsa suka wallafa a 2014 kan kallon bidiyo sau miliyan 6.9 a dandalin kwasa-kwasan intanet na edX ya nuna cewa hankalin masu kallo yana raguwa sosai bayan minti 6.

Akwai ƙaramin abu da ba a cika ambata ba, wanda nake ganin ya dace da mu ƙwarai: a cikin akwatin rubutu akwai maɓallin ɗaukar murya kai tsaye. Malami yana iya yi wa ɗalibi gyara da baki, ɗalibi kuma yana iya ba da amsarsa da baki, abin da yake da amfani ga darasin karatun Alƙur'ani, ko koyon harshe, ko horar da manya waɗanda magana ta fi musu sauƙi a kan rubutu.

Yanzu sai maganar da ta fi shafar aljihu. Wanda ya duba tallace-tallacen aikin nan daga kamfanonin waje zai ga sunan manhajar gina darasi ta Articulate Storyline yana maimaituwa, wani lokaci tare da Rise ko Adobe Captivate. Bankuna da kamfanonin sadarwa da manyan ƙungiyoyin agaji sukan so a gina musu darasi a irin waɗannan manhajoji, a miƙa musu shi a ƙunshe cikin tsarin SCORM, wanda wata hukuma a ƙarƙashin ma'aikatar tsaron Amurka ta fitar domin darasi ɗaya ya yi aiki a dandali daban-daban. Moodle tana karɓar irin wannan ƙunshi, musamman SCORM 1.2, amma ita kanta ba ta samar da shi. Kuɗin Articulate ya haura dala dubu a shekara, Storyline kuma a Windows kaɗai take aiki. Gaskiyar magana ita ce wanda ya tsaya a Moodle kaɗai zai samu aiki a jami'o'i da kwalejoji da cibiyoyin karatu daga nesa da ƙungiyoyi masu ƙaramin kasafi, amma ƙofar manyan kamfanoni za ta yi masa nauyi. Akwai manhajar kyauta mai suna Lumi da take gina H5P a kwamfuta ta kuma fitar da shi a matsayin SCORM, tana rage giɓin, ba ta cike shi. Shawarata ita ce mutum ya ƙware a tsara darasi tukuna, ya rubuta komai a takarda, sannan ya buɗe kwanakin gwaji na kyauta da Articulate take bayarwa ya gina samfuri biyu ko uku a cikinsu, domin kwanakin ba su isa a yi koyo da tunani da gini a lokaci guda ba.

Game da horo, kamfanin Moodle ya buɗe Moodle Academy a 2021, inda ake samun gajerun kwasa-kwasai kyauta na malamai da masu kula da dandali da masu rubuta manhaja. Suna da tsari, kuma da yake a cikin Moodle aka gina su, mai koyo yana ɗanɗana abin da ɗalibinsa zai ji. Mafi yawansu da Turanci ne, kuma sun fi karkata ga nuna inda ake latsawa. Akwai takardar shaida ta malamai da ake biya, wadda aka ɗora a kan ma'aunin ƙwarewar malamai a fasahar zamani na Tarayyar Turai mai ƙwarewa 22 a cikin fannoni 6. Tana da daraja a wurin waɗanda suka san ta, amma ban ga dalilin da zai sa mai farawa ya ci bashi dominta ba, tun da abin da mai ba da aiki yake fara nema shi ne a nuna masa kwas ɗin da aka gina ya shiga ya gani.

Moodle ba za ta koya wa kowa rubutu mai kyau ba, ba za ta hana shi cika allo da dogon sharhi yana kuma karanta shi da murya kalma da kalma ba, abin da binciken Richard Mayer na Jami'ar California ya nuna yana rage fahimta maimakon ya ƙara ta. Ba za ta tuna masa ya rubuta fassarar magana a ƙasan bidiyo saboda kurame ba, duk da cewa tana tambayar bayanin hoto saboda makafi masu amfani da manhajar karanta allo. Ba kuma za ta gaya masa nawa zai caji ba, kuma a nan ne sababbi suke cutar da kansu. Ƙididdigar da Bryan Chapman ya fitar a 2010 ta nuna cewa darasin intanet na awa ɗaya mafi sauƙi yana cin kimanin awa 79 na aiki, mai matsakaicin mu'amala awa 184, mai zurfi kuwa awa 490. Kayan aiki sun inganta tun daga lokacin, amma wanda aka ce ya mayar da littafin horo mai shafi ɗari zuwa kwas cikin mako biyu ya kamata ya san cewa ana neman ya yi aikin watanni ne, ya faɗi farashinsa da wa'adinsa a kan haka.

Ga masu koyarwa a rukunin WhatsApp da Telegram, waɗanda suke da yawa a Kano da Kaduna da sauran garuruwa, ban ce kowa ya tattara ya koma Moodle ba. Wanda yake da ɗalibai talatin da yake koya wa ɗinki ko haɗa turare na mako biyu, wahalar kafa dandali ta fi ribarsa, ɗalibansa ma za su gaji da mantuwar kalmar sirri. Hanyar karɓar kuɗin da ta zo tare da Moodle ita ce PayPal, wadda ba ita mutanenmu suka saba da ita ba, saboda haka yawanci sai dai ɗalibi ya tura kuɗi ta banki a ba shi mabuɗin shiga, ko a nemi wanda zai jona wata hanyar biyan ta cikin gida. Amma wanda yake son ya tashi daga mai sayar da darasinsa zuwa wanda cibiyoyi suke ɗauka ya gina musu nasu, dole ya iya abin da WhatsApp ba ta yi: ya nuna wane ne ya gama, wane ne ya tsaya a ina, da kuma wace tambaya ce ta kayar da rabin aji.

Abin da nake ba mai farawa shawara shi ne ya zaɓi fanni ɗaya da ya sani sosai, ya gina kwas na mako huɗu daga farko har ƙarshe, da manufofi a rubuce, da rumbun tambayoyi mai bayani a ƙarƙashin kowace amsa, da atisayen H5P biyu ko uku, da aikin gida mai ma'aunin maki. Sannan ya nemi mutum goma su bi kwas ɗin a wayoyinsu, ba a kwamfuta ba, ya zauna kusa da wasu daga cikinsu ya ga inda suke tsayawa ba tare da ya taimake su ba, ya gyara, ya ajiye rahoton kafin gyara da na bayansa domin ya nuna wa mai ɗaukar aiki. Moodle tana ba da damar naɗe kwas gaba ɗaya a fayil guda da za a iya buɗewa a kowane dandalin Moodle mai siga ɗaya ko sabuwa, kuma ana iya cire sunayen ɗalibai da makinsu kafin a naɗe, abin da ya wajaba a yi kafin a nuna wa wani. Idan kuwa aikin na kwangila ne, a rubuta tun farko ko wane ne yake da mallakar wannan fayil da tambayoyin da ke cikinsa, da kuma ko mai ginin yana da izinin nuna wani sashe nasa a matsayin samfurin aikinsa.